Gidan gado a Karkada: in sa hannu, ko in nemi masanin doka tukuna?

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a nan Damagaram. Na samu gida a unguwar Karkada, ɗaki uku da falo, an sallama mini a kan miliyan 12 na sefa. Gidan gado ne. Mai shi ya rasu shekara huɗu da suka wuce, babban ɗansa ne ke sayarwa, kuma abokin maigidana ne tun ƙuruciya. Dillali ya kawo takarda shafi ɗaya da Faransanci, ya ce in sa hannu ranar Alhamis in ba da miliyan 3 kafin alƙalami, in ba haka ba akwai wani Alhaji da ke jira. Takardar filin, akt da sesiyon, har yanzu sunan marigayi ke kanta. Maigidana ya ce kai takardar wurin lauya kamar zargin abokinsa ne, ga mai unguwa ga shaidu, sun isa. Lallai ne sai na nemi shawara?

Amsa: Malama, kada ki sa hannu ranar Alhamis ɗin nan, kuma kada ko dala ta fita daga hannunki sai wanda ya san dokar filaye ya karanta takardar, ya kuma ga sauran takardun da ba a nuna miki ba tukuna. Na yi shekaru ina wannan aiki na ba da shawarar doka, kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa wurinmu da maganar gida sai sun riga sun sa hannu suke zuwa. A lokacin kuwa maganar ta riga ta zama ta shari'a, shari'ar fili kuma tana iya cin shekaru.

Wannan ƴar takarda da dillali ya raina miki ita, ya ce ta riƙe magana ce kawai kafin a yi ta gaskiya, a idon doka tana iya zama cinikin gaba ɗaya. Kundin dokar farar hula da ake aiki da shi a Nijar, wanda muka gada daga Faransa, ya faɗa a aya ta 1583 cewa ciniki ya ƙullu tsakanin mai saye da mai sayarwa da zarar sun daidaita kan abin da ake sayarwa da kuɗinsa, ko ba a miƙa abin ba, ko ba a biya ba. Aya ta 1589 ta ƙara da cewa alkawarin sayarwa daidai yake da sayarwa muddin an yi wannan daidaitawar. Ke nan in takardar ta ambaci gidan, ta ambaci miliyan 12, kika sa hannu ba tare da wani sharaɗi ba, kin ɗaure kanki. Faɗin cewa ba ki fahimci Faransancin ciki ba ba ya kwance ki cikin sauƙi. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma takardun ciniki da Faransanci suke zuwa har yau, kuma na ga malaman makaranta masu Faransanci tatas sun karanta kalma sun wuce ba su san tarko ce ba.

Ga misali cikin kuɗin nan naki. Mu da Hausa kafin alƙalami muke cewa, shi ke nan. A takardar Faransanci kalmomi biyu ne, kuma hukuncinsu ya sha bamban. In an rubuta arrhes, aya ta 1590 ta bai wa kowa damar janyewa: kika fasa, miliyan 3 ɗinki sun tafi, shi ya fasa, ya mayar miki ninki biyu. In kuwa an rubuta acompte, kashin farko ne na kuɗin ciniki wanda ya riga ya ƙullu, babu mai janyewa haka kawai, ana iya kai ki ƙara a nemi cikon miliyan 9. Ki buɗe takardar yanzu ki duba wacce aka rubuta. Da yawa daga takardun dillalai ba sa rubuta ko ɗaya, sai dai su ce an karɓi kaza, ranar rigima kowa ya fassara yadda ta yi masa daɗi.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarki ba ya cikin takardar. Sunan marigayi ne a kan akt. Wanda ke sayar miki ɗa ne cikin ƴaƴa, kuma zama babba ba ya mayar da gidan nasa. Tun ranar da uban ya rasu gidan ya zama na magada duka, a haɗe, har sai an raba. Matar marigayi, ko matansa, suna da tumuni tunda akwai ƴaƴa. Ƴaƴa mata suna da nasu, ko suna gidan aure a Tanut ko Kano. In iyayen marigayin suna raye lokacin da ya rasu, su ma suna da rabo, in sun rasu daga baya rabon ya gangara ga nasu magadan. Kin ga yadda gida mai ɗaki uku ke iya samun masu shi goma sha. Aya ta 1599 kuwa a taƙaice take: sayar da abin wani ɓatacce ne. Babban ɗa zai iya sayar da rabonsa. Na ƙannensa ba zai iya ba sai sun wakilta shi.

To wannan wakilcin shi za ki nema a gani a rubuce. Ki nemi takardar rasuwar marigayi, da takardar da ta lissafa magada, da takardar zaman dangi wadda aka kai kotu ta tabbatar, inda aka naɗa wakilin magada. Kuma a karanta abin da aka wakilta shi ya yi. Nan ne mutane ke faɗawa rami: sau da yawa an naɗa mutum ne ya karɓi fansho ko ya fitar da kuɗin marigayi daga banki, sai ya ɗauki takardar yana yawo da ita kamar ta ba shi izinin sayar da gida. Dole kalmar sayarwa ta fito, da gidan da ake nufi. In da hali ma, duk magajin da ya balaga ya zo da katin shaidarsa ya sa hannu da kansa, wanda ke nesa ya aiko da wakilci da hukuma ta tabbatar da sa hannunsa. Saƙon murya a WhatsApp cewa "yaya duk abin da ka yi daidai ne" ba ya tsayawa a gaban alƙali kamar takarda. In akwai marayun da ba su balaga ba, lamarin ya ƙara nauyi, don rabonsu ba ya sayuwa sai da mai kula da su na doka da izinin da ya dace, kuma yaron da ke aji uku yau zai girma ya tambayi gidan ubansa.

Akwai wata da na taɓa riƙe wa magana, ba zan faɗi unguwar ba. Ta sayi gidan gado hannun ƴan'uwa uku, da shaidu, da addu'a, da goro. Ta rushe ginin laka ta tayar da na siminti. Bayan shekara biyu sai ga na huɗu ya dawo daga Libiya, ɗan wata mata da marigayin ya saka tun da daɗewa. Ba wanda ya ambace shi ranar ciniki, wai sun ɗauka ya ɓata. Ƙarshe sai da ta sake biyan kuɗi don ta zauna cikin gidan da ta gina da guminta, waɗanda suka sayar mata kuwa sun riga sun cinye nasu, babu abin kamawa a hannunsu. Da an nemi takardar magada daga kotu kafin a biya, da maganarsa ta taso.

Ki kuma san cewa maganar gado a kotunanmu bisa al'adar mutanen ake yanke ta, alƙali yana zama da masu taya shi sanin al'ada, kuma a nan Damagaram al'adar ta ginu ne a kan fiƙihun Malikiyya. A cikinsa akwai shuf'a: in ɗaya daga masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da ikon biyan kuɗin ya karɓe rabon. Wanda ke gari ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ya yi tafiya yana nan kan haƙƙinsa ko ya daɗe. Saboda haka ko an ce miki ki sayi rabon babban ɗa kawai sauran su biyo baya, kada ki yarda.

Sai ita kanta takardar filin. Akt da sesiyon ita ce ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka filaye, tana ɗauke da sunan lotisma, wato yankan filayen, da lambar ilo, wato rukunin da filin ke ciki, da lambar parsel, wato filin kansa, da faɗin wurin. Takarda ce mai ƙarfi, ita ce a hannun yawancin masu gidaje a sababbin unguwanni, amma ba ita ce ƙarshe ba. Ƙarshe shi ne titir fonsiye, takardar mallaka, wanda ake rubutawa a littafin filaye na ofishin haraji bisa tsarin da ya samo asali daga dokar 26 ga Yulin 1932. Shi ne ake cewa ba a tayar da shi bayan an kafa shi. Abu biyu za a bincika miki. Na farko a je sashen filaye na meri, wato ma'aikatar magajin gari, a buɗe rajista a ga ko lambar da ke kan takardar ta yi daidai da sunan marigayi, ko an taɓa juya ta zuwa wani suna. Na biyu a je ofishin ajiyar littafin filaye a tambaya ko an taɓa yi wa wurin titir, in an yi, ko akwai jinginar banki ko wata ƙara da aka rubuta a kansa. Jingina tana bin gida duk hannun da ya shiga. Bankin da marigayi ya ci wa bashi ba ruwansa da cewa ke kika biya da kuɗin halalinki.

Ki nemi ganin takardar ta asali, ki riƙe ta da hannunki, kwafi bai isa ba. In kika ga an buga mata hatimin madadi, wato an ce ta farko ta ɓata aka fitar da wata, ki tsaya ki yi tambaya da kyau. Wata tana ɓata da gaske, gara da ruwan sama ba su san darajar takarda ba. Amma akwai tsohuwar dabara: mutum ya ajiye ta asali wurin wanda ya ba shi bashi, ya je komisariya ya ce ta ɓata, ya fitar da sabuwa ya sayar da gidan da ita. Ranar da mai bashi ya fito da tasa, ku biyu ke riƙe da takarda a kan gida ɗaya.

Mai unguwa da shaidu da maigidanki ya ambata, ban raina su ba. Mai unguwa ya san gidan, ya san matan marigayi nawa, ya san ko an taɓa kai masa rigimar iyaka. Ki je ki gaishe shi ki yi tambaya, bayaninsa na iya fin na kowane ofis amfani. Doka ma ta ba sarakuna ikon sasanta mutane. Sai dai hatiminsa ba ya juya suna a rajistar meri, ba ya goge jingina, ba ya hana magajin da ba a sanar ba kai ƙara. A gonakin karkara tsarin daban yake: a ƙarƙashin dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 aka kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye har zuwa komin da dapartama, su ke ba da takardar shaidar mallaka ta gargajiya da ta sayarwa, kuma mai gari na cikinsu. Na kawo wannan ne don masu sayen gona a bakin gari, hanyar Mirya ko ta Tanut, wadda aka yayyanka da igiya ana kiranta parsel alhali hukuma ba ta yanka wurin ba. Ranar da yanka ya zo, titi na iya bi ta tsakiyar abin da mutum ya saya. Naki ba irin wannan ba ne, tunda akwai akt.

Wa za ki nema? Mutane na haɗa noter da lauya, aikinsu kuwa daban. Noter jami'i ne da gwamnati ta naɗa, shi ke rubuta takardar ciniki mai ƙarfin hukuma, ya tantance masu sa hannu, ya kai takardar a yi mata rajista a ofishin haraji, ya bi juyin suna. Yana tsakiya ne, ba naki ba ne ba na mai sayarwa ba. Lauya kuwa naki ne ke kaɗai, aikinsa ya duba inda za a cuce ki. A ciniki irin naki, ni shawarata ki fara da noter wanda ke kika zaɓa da kanki, kada ki bar dillali ya zaɓa miki. In noter ya ga magada sun cika, takardu sun yi tsabta, ya wadatar. In ya fara gano ƙulli, wani magaji ya ƙi, ko akwai tsohuwar ƙara, to ki ɗauki lauya kafin ki ƙara taku ɗaya. Gidan da ke da titir kam ta hannun noter ake juya shi. Wanda ba shi da halin biya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimakon shari'a, tana da ofis a manyan kotuna, ana ba da bayanin doka kyauta. Masu buga takardu a bakin kotu da bakin meri, suna da amfaninsu, amma tsohon kwafi suke cike wa suna, kuma in abu ya lalace babu wanda zai kama su.

Kuɗin aikin fa? Ladan noter a ƙayyade yake, ki ce ya rubuta miki lissafi kafin a fara: nasa nawa, na rajista nawa, na juyin suna nawa. Aya ta 1593 ta ɗora kuɗin takardu a kan mai saye sai in an yi yarjejeniya daban, don haka ki sa su cikin lissafinki tun yanzu, tare da la'adar dillali, wadda ita ma a faɗi wa zai biya da nawa tun kafin a zauna. Za a ba ki wata shawara a nan, kusan kullum ana bayarwa: a rubuta miliyan 7 a takarda maimakon 12 don haraji ya ragu. Kada ki karɓa. Laifi ne a wurin ƴan haraji, kuma in wata rana aka warware cinikin, abin da takarda ta ce kin biya shi za ki iya nema. Kin yar da miliyan 5 don ki tsira da ƴan jikkuna.

Abin da nake so a rubuta a takardar da za ki sa wa hannu daga baya ba shi da yawa, amma kowanne da dalilinsa. A rubuta cewa cinikin ba ya tabbata sai an kawo yardar magada duka kuma bincike ya nuna babu jingina, a sa rana, in ranar ta wuce kuɗinki su dawo cif. Kuɗin kafin alƙalami su zauna hannun noter har sharuɗɗan su cika, kada su shiga aljihun mai sayarwa, balle na dillali. Biyan ya bi ta banki ko a gaban noter, a bar sawu. A rubuta ranar da za a ba ki mabuɗi da gidan babu kowa ciki. Wannan na ƙarshe ki riƙe shi da kyau a gidan gado. In akwai tsohuwa a ɗakin ƙurya, matar marigayi, wadda ba a gaya mata inda za ta koma ba, kin sayi abin da ba za ki iya shiga ba, don babu ƴar mutunci a garin nan da za ta kira wisiye, mai zartar da hukuncin kotu, ya fitar da kayan gwauruwa waje unguwa na kallo. In ƴan haya ne, a san yarjejeniyarsu da watannin da suka biya gaba, don sayarwa ba ta kore ɗan haya mai takarda. Bashin wuta da na ruwa da harajin gida a biya kafin ki karɓa.

Kuma sunanki za a rubuta, yadda yake a katin shaidarki, harafi da harafi. Na faɗi haka ne don na ga mata da yawa sun tara kuɗi da adashi da bashin albashi, ranar rubutu kunya ta sa aka sa sunan miji ko na wa. Zaman lafiya ake yi, ba a ga komai ba. Ranar da mai sunan ya rasu, gidan ya shiga gadonsa, ita ta koma mai tumuni a cikin abin da ta saya.

Akwai abin da lauya ba zai gani daga ofis ba. Ki ɗauki mai awon filaye ya je ya nemo turakun iyaka, ya auna ya gwada da abin da ke kan akt, don katanga kan ci hanya ko filin maƙwabci. Ki tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Garinmu a kan dutse yake, ruwa ba ya nutsewa da sauri, sai ya nemi tabki, kuma gidan da ya yi kyau a watan Maris na iya zama wani abu daban da damina. Ki tambayi yadda famfo ke zuwa ma, kin san halin Damagaram da ruwa. Doka ta ce mai sayarwa ya lamunci aibin da ke ɓoye, amma wanda ido ke iya gani, an ɗauka kin gani kin yarda.

Maganar maigidanki kuwa, na fahimce shi. Abota ta shekara talatin ba abin wasa ba ce. Amma ki nuna masa cewa binciken nan abokin nasa yake karewa kafin kowa. In ya sayar babu rubutacciyar yardar ƙannensa, shi za su fara kai wa ƙara, shi za a kira macuci a cikin dangi, kuma ku ne za ku koma kuna binsa miliyan 3 da ya riga ya raba. A nan abotar za ta mutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma ga muminai aka saukar da ita, mutanen da suka yarda da juna. Maigida ya je da kansa ya ce masa: "Malama da bashin banki za ta biya, muna so a yi komai wurin noter don kai ma ka fita lafiya da ƴan'uwanka." Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan ba. In ya ji, to kun samu labarin da ya fi kuɗin shawara tsada.

Alhajin da ke jira kuwa, kusan kowane ciniki yana da nasa, kuma ba a cika ganin fuskarsa ba. Ko da gaske ne akwai shi, shi ma sai an kawo masa takardun nan in yana da hankali. Gobe ki kira dillali ki ce kina son gidan, kuɗinki na nan, amma zaman ranar Alhamis a ofishin noter za a yi shi, su zo da akt ta asali, da takardar rasuwa, da ta magada, da ta zaman dangi. In sun ce tattara su zai ɗauki mako biyu ko uku, ki ce kin ba su. Kafin nan ki ɗauki hoton takardar shafi ɗayan ki kai a karanta miki ita layi-layi, a fassara miki da Hausa, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa da wurin sa hannu.